Layar da Kawu Ya Binne a Shafinmu

Kowa ya faɗi nasa a kan ɓacewar shafinmu na intanet, kuma kowa ya kauce. Tunda har yau ina jin ana ba da labarin a karkace wurin suna da biki, bari in faɗi yadda aka yi. Ba hassadar matan garin Bande ba ce. Ba rezo ba ne, wato sabis ɗin waya, duk da cewa rezon Magaria ya cancanci kowane zagi. Wani tsohon mushe, wato malamin makaranta, ya yi ta yaɗawa a bakin tasha wai injin bincike ba ya son Hausa, shi ma bai san abin da yake faɗa ba. Wanda ya fi ƙona mani rai kuwa shi ne da aka ɗora abin a kan ƙafar Gwaggon Guci. Da hannunmu muka jawo wa kanmu, muna yi muna shi wa juna albarka.

Innata tana cikin wani gurufma na mata, wato ƙungiyar sana'a, tun ina ƙarama. Man gyaɗa suke matsewa, su yi ƙuli-ƙuli da kantun riɗi. Da can sai dai kasuwa da ƴan sari. Ina makarantar lise a Damagaram aka yi musu shafi a intanet, wanda ya yi shi kuwa Kawu ne, ƙanen Inna, mai shagon hotokofi da cajin waya kusa da tasha. Shafin ba wani abin kallo ba ne: hotunan bido-bido, wato jarkokin mai, hoton mata sun yi layi suna murmushin dole, sai lambar waya. Amma ya yi aiki. Mai gidan abinci a Damagaram za ta rubuta man gyaɗa a wurin bincike, ta gan mu, ta kira. Wasu daga Yamai, wasu daga tsallaken iyaka. A ɗaure kaya, a kai tasha, a ba direba.

Ban ci jarabawar bak ta ƙarshen lise ba, na dawo gida. Da matan suka ga ba ni da haƙurin tsayawa kan tukunyar suyar gyaɗa, sai suka miƙa mani wayar gurufma, suka ce tunda bakina ba ya hutawa, to ya yi musu amfani. Ni ke amsa kira, ni ke rubuta komandi, wato odar masu saye.

Tun farkon zuwana nake jin suna ambaton layar shafi. In kira ya yi yawa a mako, sai Hajiya, farezidan ɗinmu, wato shugabar gurufma, ta ce layar nan ta Kawu tana ci. Ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka wata ƴar fata ce ya rataya a bayan ordinatarsa, wato kwamfutar shagonsa, ko ya binne a bakin ƙofar rumfar aiki, yadda masu shago da yawa ke yi don kiran kasuwa. Ba ruwana da abin da mutum ya binne a ƙofarsa.

Bayan girbi sai Gwaggon Guci ta shigo cikinmu. Sa'ar Inna ce, shi ya sa nake ce mata Gwaggo. Gidansu suna noman gero, suna da shanu, ita kuma tana soya man shanu irin wanda in an buɗe murfi a rumfa sai na waje ya leƙo. Takan zo a bayan moto da robobinta a ɗaure cikin zane, ta zauna gefe, ba ta cika magana ba sai in za ta tsokane ni. Madam buro take ce mani, wato matar ofis. "Madam buro, yau ma danne-dannen ne aikin? Allah ya ba mu irin wahalarki." Kawu ya ɗauki hoton robobinta, ya ƙara mata sashe a shafin.

Ba a daɗe ba wayar ta yi shiru.

Da fari na ce ko lokacin ne. Tsofaffin kiliyan, masu sayenmu na da, suna kira, amma sabo ko ɗaya babu. Na rubuta man gyaɗa Magaria a wurin bincike, inda da muke fitowa a sama, ban gan mu ba. Na wuce gaba, na sake wucewa, har megan intanet ɗina ya kusa ƙarewa. In na rubuta adireshin shafin kai tsaye yana buɗewa lafiya lau. Wato gidan yana nan, an dai daina nuna wa baƙi hanyarsa.

Maganar ta fara ne a ƙasa-ƙasa wurin ɓarar gyaɗa. Wata ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma a duba tun yaushe abin ya fara. Wata ta ce akwai mutanen da Allah ya yi su da farar ƙafa, ba laifinsu ba ne, amma ba a haɗa kasuwa da su. Kafin wani lokaci an gama shari'a ba tare da an kira mai laifi ba. Hajiya ta ce a reniyo mai zuwa, wato taron gurufma, za a ba Gwaggo haƙuri. Duk wanda ya san matan garinmu ya san me ba da haƙuri ke nufi: a yi miki addu'a mai tsawo, a raka ki bakin hanya, kada ki sake dawowa. Sannan kowa ta kawo abin da za a ƙara wa laya ƙarfi.

Na ce wa Inna a gida, "Yanzu ke kin yarda ƙafar mutum tana shiga waya?"

Ta ce, "Ni ban ce na yarda ba."

"To me ya hana ki magana?"

"Ke komai sai an yi magana. Ɗauko mani murfin can."

Wata rana da azahar, zafi kamar ya dafa mutum, wata mai gidan abinci a Damagaram ta ce in tura mata bayanin kantun riɗi za ta nuna wa ƙawarta. Na buɗe shafin, na danna yatsa a kan rubutun don in kwafa. Hannuna da maiƙo, yatsan ya zame ya ja har ƙasa, shuɗi ya rufe fuskar wayar. A can ƙarshen shafin akwai wani dogon fili fari fat, wanda kullum nake ɗauka sakacin Kawu ne. Da shuɗin ya hau kansa sai ga rubutu ya fito, ƙanana, a cunkushe kamar kiyashi sun samu sukari. Na ɗaga yatsa, ya ɓace. Na sake ja, ya dawo. Farin rubutu ne a kan farin fili. Ido ba ya ganinsa, amma yana nan.

Ban ko ɗauki mayafin kirki ba na nufi tasha.

Kawu yana cikin buga wa wani takardar neman aiki. Na ajiye masa wayar a kan kilabiyen da yake dannawa. Ya duba, ya kwashe da dariya.

"Kai, ƴar nan! Ke kika buɗe layar?"

"Wannan ce layar?"

"Ita ce mana. Da me kika zata, ƙahon rago?"

Ya sallami mutumin, ya ba ni labari yana jin daɗin kansa. Wani abokinsa ne ya koya masa dabarar shekarun baya. Injin bincike kalmomi yake bi, in ji shi, don haka sai ka tara masa kalmomin da mutane suka fi nema, ka maimaita su da yawa, ka yi musu launin da ba za su ɓata wa shafi kyau ba. Da matan suka tambaye shi yadda baƙi za su gano su, ya rasa yadda zai yi musu bayani, sai ya ce ai ya binne laya a ciki. Da wasa ya faɗa. Washegari Hajiya ta zo da addu'ar da take so a sa. Wata ta kawo sunayen ƴaƴanta. Wata ta ce a rubuta mata neman tsari daga bakin mutane. Shi kuma bai ga abin ƙi ba, ya zuba duka tare da nasa.

"Kuma ta yi aiki," in ji shi. "Ko ba ta yi ba?"

"Da ka ƙara sashen Gwaggo fa?"

"A nan ma na fi zubawa. Baƙuwa ce, na ce bari in yi mata hidima sosai. Na ninka na sauran."

Na ce ya tashi daga kujerar. Ya ce kujerarsa ce. Na ce to ya matsa. Na nemo dokokin da masu injin suka rubuta da kansu don masu shafuka, da Faransanci, a fili, ba a ɓoye suke ba. Muka karanta tare, yana tsaye a bayana yana huci a wuyana.

Abin da na fahimta ke nan, kuma ba shi da wuya. Injin yana da ƴan aike, ba mutane ba, wasu manhajoji ne da ke zagaya shafukan duniya suna karantawa suna kai rahoto. Ba hoton shafi kawai suke kallo ba, har abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa suke bi, don haka farin rubutu a wurinsu daidai yake da baƙi. Suna kuma iya gane cewa ga rubutu an yi shi yadda ɗan Adam ba zai gani ba, ko an yi masa launin fili, ko an ƙanƙanta shi ya zama ƙura, ko an tura shi can gefen da ba a kaiwa. Dokar guda ce: abin da ka nuna wa injin, ka nuna wa mutum. In ka nuna wa injin wani abu ka ɓoye wa mutum, ko ka cika shafi da maimaita kalmomin da ba su da alaƙa da kayanka, sun ɗauke ka mayaudari. Sai su tura ka can baya inda ba mai zuwa, ko su cire ka gaba ɗaya. Dabarar abokin Kawu ta taɓa ci a wani zamani, shi ya sa masu injin suka san ta sarai.

Ban shiga cikin injin na ga ranar da ya yanke mana hukunci ba, kuma ba zan yi ƙaryar na sani ba. Amma an ninka tulin shara a sashen Gwaggo, ba a jima ba muka ɓace. Wannan ya fi mani ma'ana a kan tafin ƙafarta.

Kawu ya sosa ƙeya. Ya ce, "To ai sai a goge."

"Goge mana."

"Ni? In goge addu'ar Hajiya ba da izininta ba? Ina da iyali, ƴar nan. Ke da kika iya baki, je ki faɗa musu."

Ranar reniyo aka shimfiɗa tabarmi a inuwar bedi. Na duba ban ga Gwaggo ba. Ashe wata mai saurin baki ta riga ta kai mata labari ta hannun masu zuwa kasuwar Guci, ta aiko cewa ba sai an wahalar da kai wurin ba ta haƙuri ba, ta haƙura da kanta. Wasu har sun ji sauƙi, an rage musu aiki.

Na tashi tun kafin a ba ni dama, kuma na fara da ƙafar hagu. Na ce musu abin da muka yi daidai yake da mai zuba tsakuwa a gindin buhu ya rufe da gyaɗa mai kyau a sama, injin kuwa mai saye ne da ke zura hannu har ƙasa. A kaina misalin ya yi kyau. A kunnensu zagi ne.

Hajiya ta cire tabarau. "Mu ne masu algus? Ni da ban taɓa haɗa maina da na kanti ba tun kafin uwarki ta yi wayo?"

"Hajiya, ba mai nake nufi ba."

"Ƴar lakwal ta zo ta koya mana gaskiya. Bak ɗin ma da aka tura ki ɗaukowa ina yake?"

Aka yi dariya. Inna ta harare ni ta ce in zauna. Wata daga baya ta ce ai ko ma mene ne, laya ba a buɗe ta, wanda ya buɗe shi ya karya ta, wataƙila ma ni ce na ƙarasa lalata abin da yatsana. Na ga in na ci gaba da bayanin ƴan aike da dokoki, za a haɗa ni da Gwaggo a raka mu tare.

Sai na ce, "To tunda na riga na buɗe, ku bari in karanta muku abin da ke ciki. In kun ji kuna so, wallahi ni da kaina zan kai wa Kawu ƙarin."

Ban jira amsa ba. Na ja shuɗin, na fara da ƙarfi, yadda ake karatu a gaban tablo a aji.

"Man gyaɗa Magaria, man gyaɗa mai kyau, man gyaɗa mai araha, man gyaɗa, man gyaɗa, man gyaɗa."

"To ina laifin wannan?" in ji Hajiya.

"Allah ka kawo kasuwa mai albarka. Bizar Turai cikin sauƙi. Canjin naira na yau. Maganin sanƙo."

"Maganin me?"

"Sanƙo, Hajiya. Muna sayar da shi ashe. Maganin basir. Ana ɗaukar ma'aikata. Allah ka raya mana zuriya." Na karanto sunayen ƴaƴan wata, uwarsu ta gyara zama tana murmushi, sai na ci gaba, "Matan aure masu neman abokai."

Murmushin ya tafi. "Kusa da sunan ƴaƴana?"

"Layi ɗaya ma kuke."

Wuri ya fara rikicewa, masu salati na yi, masu toshe dariya da mayafi na yi. Na ɗaga murya na karanta na sashen Gwaggo, inda Kawu ya yi hidima sosai. A nan ne addu'ar Hajiya take, wadda ta karɓo da kanta ta kai, da sunan Allah a farkonta. Abin da ke biye da ita kai tsaye, ba ko ɗigo a tsakani, shi ne cacar ƙwallo, ci kuɗi yau, cacar ƙwallo, cacar ƙwallo.

Ba wadda ta yi dariya a nan. Hajiya ta miƙo hannu na ba ta wayar. Ba ta karanta boko sosai, amma ta san yadda sunan Allah yake a rubuce. Na nuna mata shi, na nuna mata kalmar da ke gefensa. Ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe yake zaune a nan?"

"Tun da aka ƙara sashen."

"A kira mani yaron nan."

Yaron nan shi ne Kawu, mai furfura a gemu. Ya zo a kan moto yana ta gaisuwa tun daga nesa. Ban taɓa ganin an wanke babban mutum tas irin na ranar ba, kuma ban ji tausayinsa ba sai daga baya. Ya dai yi ta cewa, "Hajiya, ai injin ne kawai ke gani." Ta ce, "Injin ne kawai? Wanda ya halicci mai injin fa, shi ba ya gani?" Ta ce a kwashe komai kafin la'asar.

Wata ta tambaya a hankali, to addu'o'in fa, shi ke nan an zubar? Na ce ba wanda ya hana mu addu'a. Abin da aka hana shi ne ɓoyewa. In muna so, a rubuta ta a saman shafi da manyan baƙaƙe, duk wanda ya shigo ya gani ya ce amin. Hajiya ta ce ai da ma haka ya fi, ita ba ta san dalilin da ya sa aka maida addu'a abin sata ba.

A shagon Kawu muka goge tulin, sashe bayan sashe. Akwai wurin da mai shafi ke shiga ya shaida wa masu injin cewa ya gyara, ya roƙi a sake dubawa. Muka rubuta gaskiya: mun sa ɓoyayyen rubutu, mun cire, ba za mu sake ba. Kawu ya so ya ƙara cewa mu matalauta ne a tausaya, na ce ya bari. Ba su faɗi ranar da za su waiwaye mu ba. Abin da aka rubuta kawai shi ne yana iya ɗaukar lokaci.

Da daɗin wannan nasara na koma gida, sai na tarar da Inna ba ta taya ni murna. Ta ce, "Kin gyara waya. Matar fa?"

Na ce ai yanzu kowa ya gane ba laifinta ba ne, sai a aika mata ta dawo.

"A aika mata? Kamar wadda ta manta kwano?"

Ranar kasuwar Guci muka hau moto ɗaya ni da Inna, yashi yana ta kama taya, mai moton yana ta mita. Hajiya ba ta iya doguwar tafiya, amma ta ba da goro da turmin atamfa, ta ce a faɗa wa Gwaggo ita ce ta aiko, da bakinta. Muka same ta a layin masu nono da mai, ta kasa robobinta. Ta gan mu sarai, ta ci gaba da auna wa wata.

Inna ta durƙusa ta gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, gida da shanu da gona. Ni kuwa na ƙagu, na ciro waya zan nuna mata hoton rubutun da na ɗauka kafin a goge.

Ta ce, "Madam buro, mayar da abinki. Ni ban taɓa zaton ƙafata ta kashe muku kasuwa ba, balle ki kawo mani shaida. Da ita nake zuwa nan kowane mako, ga shi kuwa ina sayarwa."

Na mayar da wayar.

Ta juya ga Inna. "Su sauran ban damu da su ba, ba su san ni ba. Ke kin ci abinci a gidana. Aka yi ta magana kina zaune."

Inna ba ta kawo wani uzuri ba. Ta ce, "Na yi shiru, kuma bai kamata ba. Ki yafe mani." Ban taɓa jin Inna ta faɗi haka ga kowa ba, har Baba. Na kau da kai ina kallon wani mai sayar da igiya kamar ina da abin ɗaurewa.

Gwaggo ta bar mu a durƙushe har ta sallami mutum biyu. Sannan ta karɓi goron, ta ce atamfar a mayar wa Hajiya, ba a sayen ta da zane. Ta tambaya, "Shafin naku ya dawo?"

Na ce bai dawo ba tukuna, kuma ban san yaushe ba.

"To zan zo tun bai dawo ba. In na jira sai ya dawo, za a ce shi ya wanke ni." Ta juyo gare ni. "Kuma wancan kawun naki ya rubuta a ƙarƙashin hoton robobina wai man shanu mai inganci lamba ɗaya. An karanta mani. Mene ne lamba ɗaya? Zauna in faɗa miki yadda ake yin sa, ki rubuta wannan."

A nan cikin kasuwa, kan wani buhun dusa, na zauna tana faɗa ina dannawa. Yadda ake barin nono ya kwana, yadda ake kaɗa shi da sassafe kafin rana ta yi zafi, yadda ake tara man a wanke shi, irin wutar da ake soya shi da ita don kada ya ƙone, da yadda man damina ya fi na rani launi saboda ɗanyar ciyawa. Duk inda na gyara mata magana don ta yi kama da ta takarda, sai ta ce in karanta, in na karanta ta ce ba haka ta faɗa ba. Na mayar da nata.

Ta dawo reniyo na gaba. Ba a yi wani biki ba. Hajiya ta matsa mata wuri a tabarmarta, masu maganar farar ƙafa suka fi kowa yi mata sannu da zuwa. Wayar kuwa ta ci gaba da shirunta har na fara jin kunyar shiga rumfa, don in na shigo kowa sai ta kalli hannuna. Kowace safiya ina bincikawa. Sai wata rana na rubuta man shanu Magaria, ga mu. Ba a sama can ba, amma ga mu, kuma layin da injin ya nuno maganar Gwaggo ce ta man damina da ɗanyar ciyawa. Ina jin ba wanda ya taɓa zama ya rubuta wannan da Hausa a yankinmu, shi ya sa. Man gyaɗa ya fi jinkiri, har yanzu bai koma inda yake da ba. Amma sababbin kira sun fara shigowa, ɗaya-ɗaya.

Yanzu kuma matan sun koma cewa Gwaggo mai ƙafar alheri ce, har wata tana so ta fara taka mata rumfa ranar da za ta buɗe. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta taka mani ƙafa.

A cikin dokokin nan na ga wani abu da ban kula da shi ba a karatun farko. Ba kowane rubutun da ido ba ya gani ne laifi ba. Akwai wanda ake maƙala wa hoto, a faɗi abin da ke cikinsa tsakani da Allah. Makaho mai wayar da ke karanta masa rubutu yana jin sa, wanda kuma rezonsa ya yi rauni hoto ya ƙi buɗewa, shi yake gani a madadin hoton. A garinmu wannan kusan kowa ne. Hotunanmu duka ba su da shi, in rezo ya faɗi sai dai ka ga akwatuna babu komai.

Na faɗa wa Kawu daga yanzu shafin yana hannuna, ya ba ni kalmar sirrin shiga. Ya yi ɗan ja, ya ce zan ɓata masa aiki, na ce ai na ga aikin. Ya ba ni, har ya ce in zo ran da ba kasuwa ya nuna mani yadda ake sa hoto ba tare da ya yi nauyi ba. Zan je. Bayan nan zan bi matanmu gida-gida, har waɗanda ke kawo mana riɗi daga Dantchiao, in zauna kowace ta faɗa mani yadda take aikinta da bakinta, in rubuta a inda kowa zai gani, in kuma bi hotunan ɗaya bayan ɗaya in sa musu bayani. Da Hajiya zan fara, don ta ce in ban fara da ƙuli-ƙulinta ba kada in sake zama a tabarmarta.